Kiyaye Rumfar Lambu Daga Gara, Iska Da Ruwan Damina A Yankin Abuja

Rumfar lambu, wadda ake kafawa domin inabi, soso, duma ko furanni masu yaɗo su hau, aba ce mai cin kuɗi da lokaci. Amma sau da yawa manomi a Kuje, Gwagwalada, Bwari ko Kwali yakan kafa ta da rani, kafin watan Satumba ta kwanta tare da duk amfanin da ke kanta. Idan kai manomi ne ko malamin gona a wannan yanki, ka sani cewa damina a nan takan kai wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,100. Saboda haka rumfar da za ta yi shekara da shekaru a Katsina ba lalle ne ta kai damina biyu a Abuja ba.

Yawancin rumfuna daga gindi suke mutuwa. Wurin da dirka ta haɗu da ƙasa nan ne danshi ke zama, nan ne kuma gara ke shiga ta cinye cikin itacen ta bar ɓawo kamar lafiya lau. Don haka ka fara da zaɓen itace. Ƙirya, marke da azarar giginya suna jure wa gara ƙwarai, sai dai sun yi wuyar samu, kuma ba ma ba da shawarar a ƙara sare su a daji. Itacen darbejiya ko na turare da ya ƙosa zai yi aiki idan an yi masa magani. Ka guji ɗanyen itace, ka ɓare ɓawon gaba ɗaya, ka bar shi ya bushe a inuwa, domin magani ba ya shiga itace mai ruwa.

Bayan ya bushe, ka babbake ɓangaren da zai shiga ƙasa har ya yi baƙi, ko ka shafe shi da kwalta ko maganin itace irin su Solignum, ka wuce iyakar ƙasa da kamar taƙi ɗaya. Mutane da yawa suna zuba baƙin mai a cikin ramin. Ni dai ban yarda da wannan ba a lambun da ake shuka abin ci, domin man yana gurɓata ƙasa da ruwan rijiya. Haka nan kada wani ya sayar maka da tsofaffin magungunan gara irin su aldrin da dieldrin. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta su, an kuma ƙara lindane, wato sinadarin Gamalin 20, a 2009.

Idan dirka za ta tashi mita 2 a sama, ka haƙa rami mai zurfin santimita 60 aƙalla. Ka fara zuba tsakuwa a ƙasan ramin, ka ɗora dirkar a kanta, sannan ka kewaye ta da kankare: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Kada ka rufe ƙarƙashin dirkar da siminti. Na taɓa ganin rumfa a wani lambu da aka dasa dirkokinta cikin kankare ta kowane ɓangare, sai ramin ya zama kamar tukunya, ruwa ya kwanta a ciki, itacen ya ruɓe cikin damina biyu. Ka ɗaga kankaren kaɗan bisa ƙasa, ka yi masa gangare yadda ruwa zai zirare. Mai hali zai iya amfani da bututun ƙarfe, amma shi ma sai an shafa masa fentin hana tsatsa kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

Abu na biyu shi ne iska. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, kuma rumfar da ba ta da tokara takan karkace ta zube gaba ɗaya. A kowace kusurwa ka kafa ɗan guntun itace a karkace tsakanin dirka da sandar da ke bisanta, ka ɗaure da noti ko waya mai kauri, domin ƙusa kan zare idan itace ya kumbura da damina ya kuma tsuke da hunturu. Rufin kwano ko leda kuwa iska yake tarewa. Bar saman rumfar a buɗe, da sanduna ko waya a jere, ganye ya yi maka inuwar. A watan Maris ka rage rassan da suka yi cunkoso, ka sake ragewa a Agusta lokacin da jiƙaƙƙen ganye ya fi nauyi.

Idan da gora za ka yi saman, ka sari wadda ta shekara 3 zuwa 4, da rani, ka jiƙa ta cikin ruwa na wasu makonni kafin ka shanya. Hakan na rage sitacin da ke jawo ƙwaron da ke mayar da ita gari.

Da rani kuma wuta ce abin tsoro. Daga Nuwamba ka share ciyawa mita 3 kewaye da rumfar, kada ka jingine kara ko zana a jikinta. Malamin gona, idan ka kai ziyara, ka riƙa ƙwanƙwasa gindin kowace dirka da ƙotar fartanya. Wadda ta yi ƙara kamar ganga, ko ka ga hanyar jar ƙasa ta hau jikinta, gara ta riga ta shiga. A tokare rumfar, a sauya wannan dirka kafin watan Afrilu.