Baƙon da Ya Zauna a Dogon Dutsi

Wanda ya taso daga Yamai ya hango dutsen da ya ba garin Dogon Dutsi sunansa, ya ƙarasa Lugu inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya ɗau hoto ya juya, bai ga Arewa, ƙasar Arawa, ba tukuna. Ganinta sai wanda ya zauna, ya bi layin famfo, ya je ta'aziyya, ya koyi tayi da harshen Arawa. Adeline Masquelier, mai binciken al'adu, ta zauna Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, kuma littafinta na 2001 kan bori daga wannan zaman ya fito.

Wani zai ce baƙo ko da ido makaho ne. Da gaskiyarsa, don mai masauki yana zaɓen abin da zai nuna. Sai dai ɓoyon ba ya kai damina biyu. Maƙwabtaka na tona shi. Abin da ya rage irin wannan zama shi ne rashin tsaro: a Janairun 2011, bayan sace Faransawa biyu a Yamai, Amurka ta kwashe 'yan aikin sa-kai na Peace Corps daga Nijar baki ɗaya.