Daga Waca zuwa jami'ar Damagaram: A ina ɗalibi ke koyon tambayar "wa ya faɗa?"

Duk shekara idan jarrabawar BAC ta matso a Nijar, akwai takardar da ɗaliban ajin ƙarshe na lise suka fi yi wa fargaba, wato filozofi. Ana ba ɗalibi magana ɗaya da Faransanci, a ce ya kare ta, ya soke ta, sannan ya fitar da tasa matsayar. Ga yaron da ya taso a Waca ko Dungas ko wani ƙauye na gundumar Magarya, sau da yawa a wannan ajin ne makaranta ke fara neman jin ra'ayinsa. Shekara 12 kafin nan, malami ke rubutu a allo, shi kuma yana kwafewa.

Abin takaicin shi ne filozofin ma haddace ta ake yi. Ni da kaina na shiga ɗakin jarrabawa da gabatarwa guda uku a ka, da maganganun masanan Turai da ban san littattafansu ba, ina jiran tambayar da za ta dace da ɗaya daga ciki. Na ci. Sai da na shiga makarantar koyon aikin jarida aka fara mayar mini da rubutuna saboda ban faɗi inda na samo magana ba.

Ɗalibin yankin Waca da ya haye BAC, mafi kusa da shi ita ce jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 tare da na Maradi da Tawa, domin rage wa ta Yamai nauyi. Yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, kuma sunan ya dace da zancenmu. Salifou ɗan Damagaram ne, an haife shi a 1942, ya rasu a 2022. Jama'a sun fi tuna shi da jagorantar babban taron ƙasa na 1991, amma asalin sana'arsa tarihi ce. Littafinsa na 1971 kan masarautar Damagaram a ƙarni na 19 ya haɗa abin da Turawa suka rubuta da abin da ya tattaro daga bakin mutanen ƙasar.

A ɗauki misali ɗaya. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, kuma a 1899 sojojin Faransa suka ci ƙasar bayan yaƙin Tirmini. A takardun 'yan mulkin mallaka, kisan cin amanar baƙo ne. Ta fuskar fada kuwa, akwai tsoron cewa baƙon na kan hanyar ƙulla ƙawance da Rabe, wanda ya riga ya mamaye Barno. Ɗalibin da aka ajiye wa bayanan biyu, aka ce ya gano wanda ya rubuta kowanne, da lokacin da ya rubuta, da abin da yake karewa, ya koyi abin da haddar shekara da sunan sarki ba za ta ba shi ba.

Waca ma tana da irin wannan tarihin mai baki biyu. Tana cikin ƙasashen Tsotsebaki, tare da Dungas da Mirya, waɗanda suka bi Barno kafin Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19. Yadda marokan fadar Damagaram ke ba da wannan labari ba lalle ya zo daidai da yadda dattawan Waca ke ba da shi ba. Ga aikin bincike nan a ƙofar gida, wanda jarinsa bai wuce kuɗin mota da wayar ɗaukar murya ba.

Akwai jami'o'in da suka gina tsarinsu kacokan a kan wannan. A Ghana, Patrick Awuah, tsohon ma'aikacin Microsoft, ya buɗe jami'ar Ashesi a 2002. Ko kasuwanci ɗalibi ke karanta ko kwamfuta, dole ya bi ta darussan rubutu da lissafi da nazarin Afirka da shugabanci, inda muhawara ke cikin aikin aji. A 2008 ɗaliban suka amince da tsarin rubuta jarrabawa ba tare da mai sa ido ba, bisa alkawarin cewa ba za su yi sata ba kuma ba za su rufa wa mai yi asiri ba. A Yola ma akwai jami'ar Amurka ta Najeriya, wadda Atiku Abubakar ya kafa, mai bin salon da ke sa ɗalibi ya ɗanɗani fannoni da dama kafin ya tsaya a guda.

To amma waɗannan makarantu ne masu zaman kansu, azuzuwansu ƙanana, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin manomin gero da gyaɗa. A jami'o'in gwamnati da dama na yankinmu, malami ɗaya ne gaban ɗaruruwan ɗalibai, yajin aiki na cinye makonni, kuɗin tallafin karatu na makara. Malamin da zai duba takardu masu yawa haka, ya fi masa sauƙi ya tambayi abin da ya faɗa a aji. Ɗalibi kuma ya san cewa musu da wanda makinsa ke hannunsa wasa da wuta ne.

Wasu na cewa ai tarbiyyarmu ce ta hana, tunda yaro ba ya ja da babba. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Malamin da ya rubuta Ahalari, wanda kusan kowane almajiri ya karanta, wato Abdurrahman al-Akhdari na ƙarni na 16, shi ne kuma ya rubuta Sullam, littafin manɗiƙi da ake karantarwa a zaurukan manyan malamai domin bambance hujja ingantacciya da gurguwa. Malaman hadisi kuwa ba sa karɓar magana sai sun bi sarƙar waɗanda suka ruwaito ta, mutum bayan mutum. Tambayar "wa ya faɗa?" ta daɗe a zaure. Makarantar boko ce ta kulle ta a darasi ɗaya na shekara ɗaya.

Rashin ta kuma yana da tsada a yankin da ke kan iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Najeriya ta rufe iyakarta, mutanen Magarya da Dungas da ke cin kasuwar Maigatari, da 'yan uwansu da ke ci-rani a Kano da Legas da Libiya, sun dogara da saƙonnin murya na WhatsApp don sanin halin da ake ciki. Yau a ce sojoji na hanya, gobe a ce an buɗe iyaka. A gidaje da yawa, ɗan jami'a ake miƙa wa wayar a ce ya saurara ya faɗi gaskiyar magana. Idan shi ma abin da ya iya bai wuce karɓa da turawa ba, digirinsa ya zama hatimin da ake buga wa jita-jita.

Sai batun harshe. Tun a 1964 Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana kira a koyar da yara da harsunansu. Mutumin da ke fama da neman kalma ba ya samun sararin ja da hujja. Matashin da ke kayar da abokansa a muhawarar fada, a bakin butar shayi, shi ne ke yin tsit a aji. A Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Takardar filozofi da ɗan Waca zai zauna wa dai har yanzu da Faransanci take zuwa.