Tsufan Kwamfutar Tafi-da-gidanka a Ƙasar Gaya da Ajingi

Da yawa daga kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun malaman makaranta da ɗalibai a ƙasar Gaya da Ajingi na gwanjo ne, wato sun ci rabin zamaninsu a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su sauka a kantunan Titin Beirut cikin Kano. Da tsufansu ke nan suke isowa, sa'an nan yanayin ƙasar ya ɗora musu nasa.

Batir ne yakan fara sarewa, domin ba ya jure zafi, ga shi kuwa da bazara zafin kan haura digiri 40. Sannu a hankali cajin awa 3 sai ya koma na minti 20, wani lokaci ma batirin ya kumbura har ya ɗaga madannai. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankar da ke sanyaya na'urar, sai ta riƙa ɗaukar zafi tana mutuwa da kanta.

Waɗannan duka kuɗi na maganinsu. Babbar hasara tana ga faifan ajiya irin na da, wanda ke juyawa sau 5,400 a minti guda. Bugu kaɗan yana cikin aiki ya isa ya sa allurarsa ta karce shi, kuma sau da yawa ba ya gargaɗi sai ɗan ƙas-ƙas. Malamin da ya tara sakamakon jarrabawar ɗalibansa na shekara 5 a ciki, bai kwafe shi a wani wuri ba, yakan niƙi gari ta Wudil har Kano. Mai gyara zai sa masa sabon faifai, amma fanko.