Gaya: Babbar kalmar Ingilishi da ɗan lakwal ya riga ya sani

A Gaya, yaro kan tashi da Dandanci ko Zabarmanci da Hausa a bakinsa, ya gamu da Faransanci a lakwal. Ingilishi kuwa sai ya shiga kwaleji, duk da cewa Kamba ta jihar Kebbi tana nan kusa, kuma naira ba baƙuwa ba ce a kasuwar garin.

Yanzu lissafin ya sauya. Kundin da Nijar ta fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Matashin da ke hangen jami'a a Sakkwato, ko aiki a wata ƙungiyar agaji, dole ya rubuta takardar nema da Ingilishi, kuma ya nuna cewa abin yana ransa.

A nan ne kalmar fervour take shigowa. Ma'anarta zaƙuwa mai ƙarfi, irin himmar da ke hana mutum zama. Asalinta Latin ne, daga kalmar da ke nufin tafasa. Bahaushe ma ai yakan ce jininsa na tafasa, sai dai shi fushi yake nufi.

Abin da ɗalibai da yawa ba su lura ba: sun riga sun san ta. Ita ce ferveur ta Faransanci. Haka ardour da ardeur, haka zeal da zèle. Tun bayan da Normandawa daga Faransa suka ci Ingila a 1066, dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, kuma yawancinsu su ne yau ake yi wa kallon manyan kalmomi. Wato abin da ɗalibin Kano ke haddacewa da ƙyar, ɗan Gaya yana da shi a aljihu. Ƙananan kalmomin hira ne suka fi ba shi wuya.

Sai dai akwai tarko. Wanda ya so yabon kansa ya rubuta cewa shi zealot ne, ya kira kansa mai tsattsauran ra'ayi ke nan, kuma a wannan yanki na Sahel ba suna ba ne da za a so gani a takardar neman aiki. Rubutun ma iri biyu ne: Amurka na rubuta fervor, Najeriya kuwa tsarin Ingila take bi, da harafin u.