Koyar da Yadda Tsiro ke Gina Raibosom: Matsalar Kalmar "Lalatawa"

A makarantun Mubi, inda ɗalibai da dama ke tasowa da Gude, Fali ko Fulfulde, Hausa ce harshen da malami kan koma gare shi idan Turanci ya cije. Don haka kalmar da aka zaɓa a darasin kimiyyar halittu tana iya gyara fahimta ko ta karkatar da ita. Mun ɗauki misali daga masara, wadda kowane ɗalibin yankin ya sani. A cikinta ne Barbara McClintock ta gano, a shekarar 1934, gurbin da ke haifar da ƙaramar cibiya, wato ɗigon da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta.

A wannan ɗigo ake fara gina raibosom, injin da ke haɗa furotin. Da farko wani inzayim yakan kwafo dogon zaren RNA guda, mai suna 45S. Zaren ba ya aiki a haka. Tamkar yadi ne a gaban tela. A cikinsa akwai yanki uku da ake bukata, wato 18S da 5.8S da 25S, sai ƙyallaye a tsakaninsu da kuma gefe biyu. Ƙananan RNA, irin su U3, su ke nuna inda almakashi zai bi. Yankin 18S yakan shiga ƙaramin ɓangaren raibosom, sauran biyun su shiga babban tare da 5S, wanda ake kwafowa daban.

Ƙyallayen da aka yanke, da duk zaren da aka yi kuskure wajen yankansa, ba a barin su su taru. Rukunin inzayim mai suna ekzosom yakan ci su daga ƙarshe ɗaya, XRN2 kuma daga ɗaya ƙarshen. A nan ne muke ganin kalmar "lalatawa" ba ta dace ba, domin a kunnen Bahaushe ɓarna take nufi, alhali aikin tsabtacewa ne, kuma ƙwayar tana sake amfani da gutsattsarin. Mun fi son "warwarewa", kamar yadda ake warware tsohuwar saƙa a sake ɗaukar zaren. Muna ba masu tsara manhaja shawarar su gwada ta tare da malaman kimiyya na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi kafin a sanya ta a littafin ɗalibai.