Hoto ɗaya, talabijin tara: na'urar da ke haɗa bangon kallo

A ce yau ce ranar ƙaddamar da sabon fim. An kama zauren taro, an raba katin gayyata, jarumai sun sha kwalliya. An jera manyan talabijin huɗu a bango, biyu a sama biyu a ƙasa, da nufin su haɗu su zama ƙaton allo guda. Ana kunna kwamfuta sai ga jarumin fim ya fito sau huɗu, kowace talabijin da nata! Kuɗi sun tafi, ga kuma kunya a gaban manyan baƙi.

Wannan rami ne da furodusa ko mai gidan kallo zai iya faɗawa cikin sauƙi. Talabijin ɗin lafiyarsu ƙalau. Ɗan akwatin da ke tsakaninsu da kwamfuta ne aka sayo ba daidai ba.

TSOHON BURI NE

'Yan fim sun daɗe suna neman hoton da ya fi ƙarfin allo ɗaya. A 1927 wani daraktan Faransa, Abel Gance, ya ɗauki ƙarshen fim ɗinsa mai suna Napoléon da kyamara uku, aka haska shi da majigi uku a kan allo uku da ke jere. A 1952 kuma aka nuna This Is Cinerama a birnin Niyok na Amurka, shi ma da majigi uku a kan wani makeken allo mai lanƙwasa. Jama'a sun yi tururuwa, amma akwai abin da ya riƙa ci wa masu shi tuwo a ƙwarya, wato layi biyu da ke fitowa a inda hotunan suka haɗu. Har sai da daraktoci suka riƙa saita bishiya ko ginshiƙi a daidai wurin don su ɓoye shi. Daga 1963 kamfanin ya koma amfani da majigi ɗaya. Wannan layi dai har yau bai bar masu haɗa allo sun huta ba.

MAI KWAFA DA MAI YANKAWA

Akwai akwati iri biyu da suka yi kama a ido. Na farko shi ne sifilita. Aikinsa ya karɓi hoto ɗaya ya kwafa shi ya aika wa kowace talabijin cikakke. Shi ya dace da gidan kallon ƙwallo, inda ake so na gaba da na baya su ga abu ɗaya. Na biyu shi ne kwanturolan bangon bidiyo. Shi yanka hoton yake yi gida-gida, ya ba talabijin ta sama a dama nata yanki, ta ƙasa a hagu nata, ta yadda idan sun haɗu sai a ga hoto guda. Wanda zai shiga kasuwa, ko titin Beirut ne a Kano ko Alaba a Legas, wannan na biyun zai nema, ya kuma faɗi jerin da yake so: biyu-biyu ne ko uku-uku.

Ba akwati kaɗai ke wannan aiki ba. Katin hoto da ke cikin kwamfuta ma yana yi, in mai ƙarfi ne. Kamfanin AMD ya fito da fasahar Eyefinity a 2009, wadda ke haɗa har allo shida su zama ɗaya, Nvidia kuma ya biyo da Surround a 2010. Kafin su, a 2006, kamfanin Matrox na Kanada ya fitar da TripleHead2Go, ɗan akwatin da ke sa kwamfuta ta ɗauka allo ɗaya ne mai faɗi a gabanta, alhali uku ne. Sannan akwai allunan da Samsung da LG ke ƙerawa musamman don bango, waɗanda ake jona waya daga wannan zuwa wancan, kowanne ya ɗauki yankinsa da kansa.

LISSAFIN DA BA A TSALLAKEWA

Hoto ɗige-ɗige ne. Fim mai ingancin 1080 yana da ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsaye. In aka raba shi a talabijin huɗu, kowace za ta samu 960 da 540 kacal, sai hoton ya yi girma amma ya yi dishi-dishi ga na kusa. In kuwa fim ɗin 4K ne, wato 3840 da 2160, kowace talabijin za ta samu cikakken rabonta na 1920 da 1080. Don haka dole a tambaya ko kwanturolan yana karɓar 4K.

Sai batun siffa. Jerin biyu-biyu da na uku-uku suna riƙe siffar talabijin yadda take. Amma in aka jera uku a layi ɗaya, ko dai jaruma ta baje ta yi faɗi kamar an take ta, ko kuma a bar baƙin fili a dama da hagu.

FUSKAR JARUMA A TSAKIYA

Kowace talabijin tana da baki, kuma a jerin biyu-biyu bakunan nan suna haɗuwa ne a tsakiyar hoto cif, daidai inda darakta ya fi ajiye fuskar jaruma a lokacin waƙa ko kuka. Sai a ga an raba mata hanci biyu. A jerin talabijin tara kuwa, tsakiyar allo ce sukutum, shi ya sa ya fi daɗin kallon fim duk da ya fi tsada. Allunan bango na musamman akwai waɗanda tazarar da ke tsakaninsu milimita 3.5 ce, wasu ma ba ta kai milimita ɗaya ba. Kwanturola mai kyau kuma yana ɓoye ɗan abin da ya faɗo a kan bakin, don kada mota ta karye idan tana tsallakawa daga wannan allo zuwa wancan.

Masu hannu da shuni sun tsallake matsalar da allunan LED, waɗanda ba su da baki ko kaɗan. A shirin The Mandalorian na 2019, kamfanin Industrial Light & Magic ya kewaye 'yan wasa da bangon LED mai tsayin ƙafa 20, kwamfutoci suna zuba masa hoton hamada da sararin samaniya, ana ɗauka kai tsaye ba tare da an je lokeshan ba.

KAFIN A ZARO KUƊI

Talabijin su zama ƙirar kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, in ba haka ba rigar jarumi za ta fito ja a sama, ruwan goro a ƙasa. A tambaya ko akwatin yana aiki da kariyar HDCP, domin in ba ya yi, wasu fayafayai da dikoda baƙin allo kawai za su nuna. Wayar HDMI in ta yi tsawo da yawa hoto yakan riƙa ɗaukewa, gara a ajiye akwatin kusa da bango. A tanadi janareta da sitabilaiza masu ɗaukar nauyin duka.

Uwa-uba, gani ya kori ji. A je shago da kwamfutar da kuma fim ɗin da za a nuna, a sa mai kaya ya jona a gwada. In jarumi ya fito sau huɗu, a mayar da kuɗi aljihu.