Jemagu da Kasuwar Kejetia

Bayan Kejetia, a gidan namun daji na Kumasi, akwai itatuwa da jemagu suka mayar gida. Dubbai ne, manya, masu gashi ruwan ciyawar rani, 'ya'yan itace suka fi ci, kuma gab da magariba sai su tashi su rufe sama. Mutanen Zango sun saba da su har sun daina ɗaga kai. Amma wannan iri ɗaya ne kacal cikin iri sama da 1,400 da ke duniya, kuma rabonsu a ƙasashe bai zo daidai ba ko kaɗan.

Kasuwar da ke gefensu ta isa bayani. A Kejetia ciniki ba ya yankewa, shi ya sa mutum zai riƙe sana'a ɗaya tak ya ci da iyalinsa: mai goro goronsa, mai koko da ƙosai tukunyarta, mai gyaran zif ba ruwansa da takalmi. A kasuwar ƙauye mai ci mako-mako kuwa, tebur guda ne ke ɗauke da gishiri, ashana da sabulu, don masu saye ba su kai a raba sana'a ba.

Haka ƙasa take wa jemage. Inda zafi da ruwan sama suka wadata, kamar dajin Asante, abinci ba ya ƙarewa duk shekara, sai kowane iri ya kama layinsa. Wani ɓaure yake bi, wani sauro da fara, wani kuma ruwan furen ɗorawa da kuka da rimi yake lasa, yana yi musu barbara a hanya. (Mai son daddawa a miya ya san wanda ke binsa bashi.) Indonesiya tana da iri fiye da 200. Ingila, inda sanyi ke kashe kasuwar wata da watanni, 18 gare ta, dukansu ƙwari suke ci, da hunturu kuma barci suke yi.

Wurin kwana ma yana tankaɗe. A kogwannin Buoyem kusa da Techiman akwai ƙananan jemagu masu cin ƙwari, waɗanda ba sa iya rataya a fili irin na Kumasi. Su na Kumasin fatake ne: in 'ya'yan itace suka yi ƙaranci sai su bi damina zuwa wani wuri. 'Yan'uwansu kan taru miliyoyi a dajin Kasanka na Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba, su watse da zarar 'ya'yan itacen wurin sun ƙare.